Mai Zama a Gefen Hoto

Gilasan kyamara biyu Yaya ya mutu ya bari, da kyamarar kanta, da sandar nan mai ƙafa uku wadda ƙafarta ɗaya ke ɗingishi sai an tokare ta da kwali. Tun rasuwarsa suna cikin baƙar jakarsu a bayan ƙofar ɗakinsa, babu mai taɓawa, babu mai ambata, har safiyar da Umma ta ce a fitar da su daga gidan.

Ba ta ɗaga murya ba. Tana zaune a bakin gado ta miƙe ƙafafu, Auta, ƙanwarsa, 'yar da ta rage mata, na durƙushe tana murza mata man zafi a gwiwa, sai ta yi maganar kamar mai aiken a sayo ashana.

"Kawunki zai zo ranar Asabar ya kwashe kayan hoton nan ya kai shagonsa. In ya tafi da su, a sa wa ƙofar saman bene kwaɗo."

Hannun Auta ya tsaya cak. "Duka, Umma?"

"Duka."

"Ko ɗan abu ɗaya ba za a bar min ba?"

Umma ta kau da kai wajen bango. "Ɗauki gilashi ɗaya ki jefa a ƙasan akwatinki, inda idona ba zai kai ba. Ɗaya na ce. Saman bene kuwa an gama da shi. Ci gaba mana, kin tsaya. Nan wajen ne ke min suka."

Auta ta ci gaba da murzawa, ta sunkuyar da kai don kada a ga tabaranta ya yi hazo. Saman benen nan shi ne kaɗai wurin da ya rage a gidan da har yanzu yake na Yaya. An ba da tufafinsa, an naɗe katifarsa, sunansa ma ya zama kamar garwashi, babu mai son ɗauka da baki. Amma a sama komai na nan yadda ya bari: tankin ruwa a kusurwa, bakin matakala a bayan tankin, da zanen alli mai kusurwa uku a ƙasa inda yake kafa sandarsa.

Yaya da ciwon zuciya aka haife shi. Ya girma ana ce masa kada ka yi gudu, kada ka ɗauki kaya, kada ka hau nan, har ya tsani a tambaye shi ya jiki. "Ni fa ba ƙwai ba ne," in ji shi. Da ya ga an hana shi ƙasa sai ya koma sama, ya kama ɗaukar hoton taurari. Duk unguwar shi kaɗai ne ke murna in an ɗauke wuta. Da magariba ta wuce, fitilu suka mutu, kowane gida ya yi tsaki, sai ka ji shi daga ɗakinsa yana cewa, "Alhamdu lillahi, an buɗe sama! Malama Tabarau, ɗauko cocila!"

Malama Tabarau ita ce Auta. Tsoron duhu take, tana tsoron tsaka, tana tsoron ƙarar tankin nan in ya huce daga zafin rana. Amma tana bin sa, ta zauna a bayansa da littafinta da cocilar da ya ɗaure wa jan ƙyalle a baki, tana karatu, in ya ce haska ta haska. Umma kuwa tun da gwiwoyinta suka lalace ta ce ita da bene sai kallo.

Gilasan biyu duk masu faɗin gani ne, irin waɗanda ke haɗiye sama da yawa a hoto ɗaya. Tsohon na ƙarfe ne, mai nauyi, na hannu ya saya, fentinsa duk ya goge. Ya fi faɗi, yana kamawa tun daga eriyar maƙwabta har tankin ruwa, amma taurarin da suka faɗo a gefen hoto sai ya ja su, su fito da fikafikai kamar ƙananan tsuntsaye. Sabon kuwa sakayau ne kamar kofin shayi, ya fi shan haske, taurarinsa tsaf-tsaf kamar an huda baƙin zane da allura. Faɗinsa ne bai kai na tsohon ba. Kullum sai Yaya ya ɗauki wuri ɗaya da tsohon, ya kwance, ya ɗaura sabon, ya sake ɗauka. Wai yana gwadawa.

"Yaya, har yanzu ba ka gama gwajin nan ba?" Auta ta taɓa ce masa. "Ko mai zaɓen mata ai ya ci a ce ya zaɓa."

"Sabon ya fi, Malama Tabarau. Ya fi shi komai da komai."

"To ka rabu da tsohon mana."

"Sabon yana yanke min abu."

"Me yake yankewa?"

"Ke dai haska min nan."

In zai tashi kuma sai ya ɗaga murya kamar mai shela a kasuwa, "To, mun gama! Bari mu tattara!" Daga nan ya zauna ya yi ta goge gilasan da ɗan tsumma, ya hura, ya goge, ya naɗe igiya, ya kwance ya sake naɗewa, Auta na tsaye sauro na cin ta tana mita. Bai taɓa saukowa da gaggawa ba.

Ya rasu a asibiti da rana tsaka, bai ce ga wanda ya zaɓa ba.

Shi ya sa Auta ta ƙudurta cewa kafin Asabar sai ta gano gilashin da Yaya zai riƙe da yana raye, shi za ta ajiye. Da hantsi, Umma na barci, ta shiga ɗakinsa ta kunna kwamfutarsa. Hotunan na nan bibbiyu, tsoho da sabo, tsoho da sabo, har ido ya gaji. Ga farin zanen nan da ya ratsa sama kamar an zubar da gari a baƙar tabarma. Ga taurarin nan Kaza da 'Ya'yanta sun cure wuri ɗaya. Ko makaho ya shafa zai ce sabon ya fi. To me yake yankewa? Ta jera biyu gefe da gefe tana dubawa. Eriya na cikin duka biyun. Tankin ruwa ne kawai ya fito a na tsohon, can ƙasa ta hagu, baƙi ƙirin.

Ta ƙara wa hoton haske yadda ta ga Yaya na yi. Sama ta yi fari-fari, tankin ya fito da tsatsarsa. A gindinsa, tsakaninsa da katanga, akwai wani abu da ba tanki ba, ba katanga ba.

Mutum ne a zaune. An lulluɓe kai, babu fuska, gilashin ya ja siffar ta yi tsawo ta karkace kamar inuwar yamma. Amma ga kafaɗa, ga gwiwa, ga kan da ya juyo yana fuskantar inda mai ɗaukar hoton yake tsaye.

Auta ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi ta mayar. Yana nan. Ta buɗe na gaba, yana nan. Ta koma baya, ta yi ta komawa. A hotunan farko-farko babu kowa a gindin tankin. Ya fara fitowa ne tun daga lokacin da Yaya ya yi faɗuwar nan a bakin ƙofa, wadda daga ita jikinsa bai sake komawa daidai ba. Daga nan har hoton ƙarshe bai taɓa fashi ba.

Ta karanta littattafai da yawa, wataƙila fiye da yadda ya kamata, ta kuma san abin da ke zuwa ya zauna kusa da mai ciwon zuciya ya yi ta jira ba ya gajiya. Ashe duk daren da take zaune tana karatu, abin na nan kusa da ita, yana kallon ɗan'uwanta. Kuma Yaya ya gani. Dole ya gani, shi da ke kwana a kan hotunan nan. Ya gani ya yi shiru.

Bayan magariba aka ɗauke wuta. Injinan maƙwabta suka tashi ɗaya bayan ɗaya har unguwar ta cika da ruri. Auta ta tsaya a ƙasan matakala da jakar a kafaɗa, ƙafafunta na cewa a'a. Amma gani ya kori ji. In abin don Yaya ya zo, ai ya samu abin da ya zo nema, ya tafi. Ta leƙa ɗakin Umma ta ce za ta hau sama ta gwada gilasan. Umma na kwance ta juya baya, ta ce, "Uhm."

Ta haska gindin tankin da cocila kafin komai. Babu kowa, sai wani tsohon bokiti a kife. Ta kafa sanda a kan zanen alli, ta tokare gurguwar ƙafar, ta ɗaura tsohon gilashi. Ta danna, ta jira kyamarar ta gama shan haske, ta duƙa kan ɗan allon bayanta tana dubawa. Hasken allon ya cika mata ido, duk abin da ke kewaye da ita ya zama baƙin bango. Ta canza gilashi ta sake. Ba ta yarda ta waiwaya wajen tankin ba ko sau ɗaya. Wani ƙamshin man zafi ya riƙa zuwa mata, ta shinshina tafin hannunta ta ce na safe ne bai fita ba. Da ta gama, ba ta san lokacin da bakinta ya ce, "To, mun gama," ba. Ta goge gilasan yadda yake yi, don hannunta bai san wata hanyar tattarawa ba, sannan ta sauko tana karanta duk addu'ar da ta zo mata. Umma na kwance yadda ta bar ta.

Da safe ta buɗe hoton a kwamfuta ta ƙara haske.

Yana nan zaune. Yanzu ita yake kallo.

Shagon Kawu, yayan Umma, yana bakin titi tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da taya. Hoton fasfo ya fi yi. Akwai jan labule a bango, da madubi mai tsaga, da mataji ɗaure da zare don kada a tafi da shi, da furannin roba da suka sha ƙura. Auta ta same shi yana fama da wani dattijo da ya ƙi buɗe ido.

"Baba, buɗe mana! Hoto ne, ba allura ba." Ya danna, ya juyo. "A'a, 'yar gidan Kawu! Kin kawo min kayan da kanki? Ko har kin yi zaɓen?"

Ta jira dattijon ya fita, sannan ta nuna masa hoton a wayarta. Ya karɓa ya riƙe da kansa. Ya kai kusa da hanci, ya nisantar, ya yi dariya.

"Wannan ai tsohon gilashin nan ne. Na sha faɗa wa marigayi, gefen gilashin nan maƙaryaci ne. Tauraro ma yana mai da shi tattabara, bare bokiti. Wataƙila ma hunhuna ce ta kama shi ta ciki. Kawo in gani."

Ya ɗaga gilashin ya duba a hasken ƙofa, ya juya, ya hura. Ya ɗaura a kyamara ya ɗauki farin bango, ya duba. Fes, babu tabo ko ɗaya. Ya sake ɗauka. Dariyar ta ɗan ja baya daga fuskarsa.

"To, gilashi dai lafiyarsa lau."

"Kawu, mutum ne ko?"

Ya sosa ƙeya. "Kin ga, irin hoton nan ba kamar nawa ba ne da nake ƙyas in gama. Ƙofar kyamara a buɗe take zama tana tara haske kaɗan-kaɗan, shi ya sa take ganin abin da ido bai gani. Kuma duk abin da ke motsi ba ya fitowa. Ki ratsa ta gabanta da gudu, ko alamarki ba za a gani ba. Wanda ya fito a irin wannan hoto, to bai motsa ba ne. Ko kaɗan."

"Wane mai rai ne zai zauna haka, sauro na cizo, ko hannu bai ɗaga ba?"

Kawu ya kwance shi daga jikin kyamara. Ya mayar mata da gilashin da sauri kamar ya yi zafi. "Ke dai ki riƙa addu'a. Kuma ki rage karatun littattafan nan, su ne ke sa miki ciwon kai. Riƙe sabon, ki bar min wannan kwamacalar. Sabon ai ba ya ɗauko baƙi." Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. "Kada ki gaya wa uwarki. Abin da ke kanta ya ishe ta."

Ba ta gaya mata ba. Kwanakin da suka biyo baya wuta ta zauna daram, kamar da gayya. Auta ta daina barcin kirki. In tankin ya yi ƙara a sama sai ta ja bargo har ka. Ta fara cewa a ranta gara a sa kwaɗon, gara a rufe, ta ɗauki sabon gilashi ta huta. Amma da ta tuna haka sai maganar Yaya ta dawo mata: sabon yana yanke min abu. Bai faɗe ta da muryar mai tsoro ba. Ta juya maganar ta kowane gefe, ta tuna fuskarsa a jan hasken cocila, kuma ta rantse murmushi yake. Wane irin mutum ne zai ga ajalinsa zaune a gefen hoto ya ƙi rabuwa da gilashin da ke nuna masa shi?

Ranar Juma'a, ana gama cin abincin dare, fitilu suka mutu. Gobe Kawu zai zo. Auta ta zauna a cikin duhu tana jin injina na tashi. In ba ta hau yau ba, ba za ta sake hawa ba har abada, kuma za ta rayu da abin nan zaune a saman kanta, a bayan ƙofa mai kwaɗo.

Ta hau. Ta kafa sanda, ta ɗaura tsohon gilashi. Sai ta tuna abin da Yaya ke yawan faɗa in ta yi ƙorafin ba ta ganin taurarin da yake nuna mata: "Ai ba ki bar idonki ya sha duhu ba. Kina manne da cocila kamar ƙwaro." Ta kashe cocilar. Ta ninke bakin mayafinta ta rufe allon kyamara. Ta tsaya ta rufe ido, ta ba tankin baya, ta yi ta jira har ta ji kamar ƙafafunta ba nata ba ne.

Da ta buɗe ido sama ta sauko kusa. Taurari sun yi yawa har sun ba ta tsoro. Tana ganin katanga, tana ganin zanen alli a ƙasa, tana ganin yatsunta. Ta juya a hankali.

Yana nan. Ba a hoto ba, a gabanta. Baƙin tsibi a gindin tanki, kai a lulluɓe, ko numfashi ba a gani.

Ta so ta gudu, amma matakala na bayan abin. Ta ji bakinta na motsi da kansa, wata 'yar siririyar murya ta fito.

"Wa... wane ne? Me kake nema a wurinmu? Ba ka ɗauki ɗaya ba?"

Sai iska ta juyo daga wajen tankin, ta kawo mata ƙamshin man zafi, mai ƙarfi, sabo. Yau kuwa ba ta taɓa man ba, Umma da kanta ta shafa.

Tsibin ya yi ajiyar zuciya. Ya ɗaga hannu ya kashe sauro a wuya, tas.

"Tun da kin gan ni, bari in kashe ɗan banzan nan. Tun ɗazu yake sha na."

Auta ta zube a ƙasa. "Umma?"

"To da wa? Aljani ne zai hau benen nan da irin gwiwata?"

Auta ta fashe da kuka, da dariya a ciki, da shessheƙa, duk a haɗe. Ta rarrafa ta isa gindin tankin. Umma ce, zaune a kan kifaffen bokiti, ta lulluɓa da baƙin zanenta, ta miƙe ƙafa ɗaya.

"Kin ce ba kya iya hawa."

"Ba na iyawa. Da hannu da gwiwa nake hawowa, kamar mai rarrafe. Injinan mutane ke rufa min asiri."

"Tun yaushe?"

"Tun da ya faɗi a bakin ƙofa." Umma ta gyara zanenta. "Kin san halinsa. In na ce zan zauna kusa da shi, sai ya ce na mai da shi ƙwai, ya fasa hawan, ya zauna a ɗaki yana kumbura. To ni kuma in kwanta a ƙasa, yana sama? In ya faɗi fa?"

"Ai ina nan."

"Ke? Da ya faɗi ai ke za ki riga shi suma." "Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Sai in zauna nan in ƙame, ko tari ya zo in haɗiye. In na ji ya ce mun gama, in lallaɓa in sauka. Allah Ya taimake ni yaron nan akwai nawa wajen tattara kaya. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai san ina nan ba."

Auta ta daina kuka. Ta zauna tana kallon mahaifiyarta, abubuwa na komawa mazauninsu a kanta ɗaya bayan ɗaya: shelar nan ta mun gama, da goge gilashin da ba ya ƙarewa, da igiyar da ake naɗewa a kwance.

"Umma, ya sani."

"Bai sani ba."

"Wallahi ya sani. Tsaya ki gani."

Ta ciro wayarta ta buɗo hotunan da ta kwafa, ta nuna mata na sabon gilashi. "Kin ga wannan? Ya fi kyau, ko? Shi kansa ya ce ya fi komai da komai. Amma ya tsaya daga nan, bai kai tanki ba." Ta ja zuwa na tsohon. "Wannan kuma ya kai. Duba nan ƙasa."

Umma ta karɓi wayar ta nisantar da ita daga ido. Ta daɗe.

"Wannan ƙullin kayan wankin ni ce?"

"Ke ce. Kina cikin kowane ɗaya. Na ce masa ya rabu da tsohon, ya ce sabon yana yanke masa abu. Ban gane ba sai yanzu. Kuma ba nawa ce da shi ba, Umma. Jira yake ki sauka."

Umma ta ja hoto na gaba da yatsa, da na gaba, da na gaba. A kowanne ga sama cike da taurari, ga ita a can gefe, ƙarama, a karkace, tana gadi.

"Ɗan banza," ta ce a hankali. "Ya bar ni ina rarrafe a matakala, yana sane. Ɗan banzan yaro." Sai ta kifa fuska a cikin zanen, kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da shi ya zo mata gaba ɗaya. Auta ta rungume ta, suka yi ta yi, injinan maƙwabta na rufa musu asiri.

Da ta lafa, Umma ta share fuska ta ce, "Ranar nan da kika hau, na biyo ki. Na ga bayanki kin duƙa kan abin nan, sak shi. Har kika ce mun gama. Na ce wannan ba zan iya ba. Na yi gadin ɗaya an ɗauke shi ina kallo."

"Ni lafiyata ƙalau, Umma. Tsoro ne kawai ciwona."

"Shi ma ai ciwo ne." Ta ja hanci. "Gobe ki ba kawunki sabon, ya ƙarata da shi. Wannan mai ganin mutane ki bar shi. Da kyamarar, da gurguwar sandar."

"Kwaɗon fa?"

"A sa wa kawunki a baki." Ta gyara zama a kan bokitin. "Amma a hawo min da kujera. Na gaji da bokiti. Yanzu ya ake yi? In an danna sai a ƙame?"

Auta ta tashi ta saita kyamarar yadda za ta ɗan jira kafin ta buɗe, ta danna, ta dawo da sauri ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar Umma. Suka ƙame. Sauro ya zo ya yi abin da zai yi, babu wadda ta motsa. A can sama Kaza ta tattara 'ya'yanta.

Washegari Kawu ya zo, ya ji labari, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce dama shi tun farko ya san ba wani abu ba ne. Auta ta buɗe masa hoton jiya a kwamfuta. Ga su nan su biyu a gindin tanki, gilashin ya ja su sun yi tsawo. Taurari sun fito ko'ina, har ƙasa kusa da katanga. Sai dai a gefen Umma, ɗaya ɓangaren, akwai wani wuri da taurarin suka dushe, kamar wani abu ya ɗan tare su. Tsayinsa ya kai na mutum a tsaye, ya ɗan sunkuyo.

Kawu ya kai hanci kusa, ya nisantar. "Na faɗa miki gefen gilashin nan maƙaryaci ne," in ji shi, amma a hankali ya faɗa.

Auta ta dubi Umma. Umma ta miƙa yatsa ta taɓa wurin a jikin allo, ta bar shi a nan.

"Wannan a wanke min shi babba," ta ce. "Kada a yanke gefen."